Gona, Gandu da Hukuma: Tarihin Kariyar Iyali a Ƙasar Kiru da Maƙwabtanta



An nemi in yi magana a kan taimakon da hukuma take bai wa talakawa da iyalansu, da irin kariyar da doka ta tanadar musu. Wannan fage ne mai faɗi, wanda in mutum ya ce sai ya kewaye shi duka a zama ɗaya, zai tashi bai taɓa kome ba. Saboda haka na zaɓi yanki guda, watau kudancin Kano ta wajen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, na kuma zaɓi abu guda, watau gona, domin a ƙauye ita ce uwar iyali. Abin da nake so in nuna shi ne, cikin shekara 200 da suka wuce hukumomi dabam-dabam sun yi wa manomin wannan yanki alkawarin tsaro, kowacce kuwa ta tsare shi daga wani abu: wata daga mahara, wata daga baƙo mai neman ƙasa, wata daga hakimi da dagaci. Amma dokar da ta hana kowa taɓa gonarsa, ita ce kuma ta ba hukuma ikon ɗauke ta, kuma ta nan ne kariyar ta fi rauni har yau.

Wanda ya baro Kano ya nufi Zariya, in ya kai Kwanar Ɗangora zai ga hanya ta rabu, ɗaya ta yi kudu ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ta gefen duwatsun Riruwai ta nufi Jos. Ƙasar nan ta fi arewacin Kano samun ruwan sama, kuma a da ba ta da cunkoson jama'a irin na kewayen birni. Daga duwatsun kudu Kogin Kano yake gangarowa. Mutanenta Hausawa ne da Fulani, da Maguzawa masu zaman gida-gida a bayan gari, har da Kurama ta wajen Doguwa. Kafin a zo ga sarki ko gwamna, hukumar farko da ta san iyali a nan ita ce gandu. Maigida da 'ya'yansa ko ƙannensa masu aure suna noma gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya. Shi kuma maigida shi ne mai biyan kuɗin ƙasa, mai sayen fartanya da garma, mai yi wa saurayi auren fari, mai yanka ragon suna. Kowane ɗan gandu yana da gayaunarsa da yake nomawa bayan an tashi daga aikin gandu, kuma a wurin Maguzawa mata ma suna da tasu gayaunar. Tsoho da maraya da bazawara da gurgu, duk a cikin wannan rumbu rabonsu yake. Duk wani taimako na hukuma daga baya yake zuwa, kuma ana iya auna shi da tambaya ɗaya: ya ƙarfafa wannan rumbu ne, ko kuwa ya ɗebe shi?

Shugabannin jihadi sun rubuta amsarsu a fili. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa da cin dukiyar mamaci cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Ƙanensa Abdullahi a nan Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam wajen 1806, bisa roƙon Kanawa da suka nemi a nuna musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya kuma bar wata takarda a kan yadda mutum yake samun haƙƙi a kan mataccen fili in ya raya shi. Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina cewa gina garuruwa masu ganuwa da gyaran kasuwa da hanya da kula da masu sana'a duk nauyin shugaba ne. A wannan tsari, zakkar hatsi ita ce asusun matalauta, alƙali shi ne mai raba gado da tsare dukiyar maraya, Bamaguje kuwa yana biyan jiziya a bar shi da gidansa da al'adarsa. To, amma rubutu dabam, aiki dabam. Da Barth ya zo Kano cikin 1851 ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, ga kuma kuɗin karofi a kan marina. Watau harajin da aka la'anta ya komo ta ƙofar baya.

A nan akwai wani abin mamaki da ya shafi kudancin Kano musamman. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa saboda ƙin biyan irin wannan haraji, ya shige duwatsun Ningi. Daga wannan hijira ne daular Ningi ta tashi, kuma magadansa suka shafe rabin ƙarni suna kai hari kudancin Kano suna kama mutane. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su. Ga manomin Tudun Wada ko na Kiru a wannan zamani, ma'anar kariyar hukuma ita ce ganuwa da ƙofa da 'yan doki: ka biya, in an buga kuge ka kwashi iyalinka ka shige gari. Haraji ya haifi mahara, tsoron mahara kuma ya sa dole a ci gaba da biyan haraji. Bebeji, wadda Clapperton ya bi ta cikinta a 1826 ya same ta babban gari mai ganuwa da kasuwa, tana cikin manyan garuruwan wannan tsaro, kuma a ƙofarta aka ga ƙarshensa. A farkon Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, aka kashe sarkin garin, ran 3 ga wata kuma Kano ta faɗi, Sarki Alu yana Sakkwato. Daga ranar ganuwa ta zama tudun ƙasa da ake ɗiba ana yin tubali.

Turawa sun kawo ƙarshen hari, wannan ba a musunsa, kuma shi ya sa mutane suka fara barin garuruwa suna sheme daji suna kafa ƙauyuka. Sun kuma hana cinikin bayi, suka ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da yake bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936, kuma kafin nan bawa sai ya fanshi kansa ta hanyar murgu. Amma babban aikinsu a kan batunmu shi ne dokar ƙasa. Cikin 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan, da turawar Gwamna Girouard, ya saurari su Temple, ya yanke cewa wai Bahaushe bai san mallakar ƙasa ba. Daga nan aka yi dokar 1910, aka sabunta ta a 1916, wadda ta ce dukan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya, kuma ba wanda zai sami haƙƙi a kanta sai da yardarsa.

Ya kamata mu yi wa wannan doka adalci. A daidai lokacin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suke kwashe tuddan Kenya, dokar 1913 ta Afirka ta Kudu kuma ta ware wa baƙar fata abin da bai wuce kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu ba, manomin Kano ya ci gaba da noma gonar ubansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ratsa ta Ɗangora a ƙasar Kiru, kamfanonin Turai sun sayi gyaɗa da auduga ne daga hannun manomi, ba su sami gonar ba. Wannan kariya ce ta gaske. Sai dai tushen da aka gina ta a kai karkatacce ne, gama littattafan shari'ar majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Christelow ya fassara, cike suke da ƙarar gona da gado da iyaka, abin da yake nuna mutane sun san gonar wane da wane sarai. Dokar ta mai da mai gona ɗan zama, ta mai da hukuma mai ƙasa. Muddin hukuma ba ta buƙatar gonar, ba wanda zai ji bambancin.

Ta fuskar ciyarwa kuwa, mulkin En'e ya fi ƙwarewa a karɓa bisa ga bayarwa. An haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗe cikin haraji guda da ake biya da tsabar kuɗi, aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi wajen 1908 domin su tara shi, aka kafa baitulmali. Hatsin zakka da a da yake kwana a rumbu kusa da mai bukata ya koma sule da fam a cikin akwatin ƙarfe. Da yunwar 1913 zuwa 1914 ta zo, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, jama'a sun mutu da yawa a lardin Kano, agajin hukuma kuwa kaɗan ne kuma a makare. Ta 1927 ana tuna ta da sunan buhu saboda buhunan hatsin da aka kawo. Michael Watts, a littafinsa na 1983, ya bi wannan tarihi ya nuna cewa haraji mai tsayayyen adadi, wanda bai san shekarar fari ba, shi ne yake tilasta maigida ya sayar da hatsi da kaka a wulaƙance ya sake saye da bazara da tsada.

Akwai wani hukunci na wannan zamani da nake so ɗalibai su riƙe, domin yana nuna yadda ake iya cutar da mutum da sunan kare shi. Cikin 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gādon gida da gona, bisa hujjar cewa macen da ta sami gidan kanta takan ƙi zaman aure ta shiga karuwanci. 'Yan'uwanta maza su riƙe dukiyar su ci da ita. Shekara 31 ana kan haka, alhali Alƙur'ani ya yanka wa 'ya mace rabonta. Sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hukuncin, hujjarsa kuwa ita ce yawan tsofaffin mata da aka bari ba su da kowa ba su da kome. Steven Pierce ya yi nazarin wannan al'amari. Sarakunan nan biyu duk sun ce iyali suke karewa. Na farkon ya dogara ga alherin ɗan'uwa, na biyun ya ga abin da wannan alheri ya haifar, ya mai da wa mace haƙƙinta a hannunta. Har yanzu a ƙauyuka ba a rasa 'yar da ake ce wa ta bar rabonta a gandu "domin zumunci", kuma ma'aikacin kotu da ya san tarihin 1923 zai fi gane abin da yake gabansa.

Bayan mulkin kai Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Ƙasa ta 1962. Ta cire sunan Gwamna ta sa na Minista, ta kuma fayyace ɗan ƙasa da cewa shi ne wanda ubansa ɗan wata ƙabila ce ta asalin Arewa. Sauran ginin yana nan yadda Girouard ya bar shi. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya domin Fulani. Sa'an nan aka ƙirƙiro Jihar Kano ran 27 ga Mayu 1967, Audu Bako ya zama gwamna, kuma cikin 'yan shekaru aka karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Wannan shi ne abin da 'yan NEPU suka yi ta nema tun 1950, domin a zamanin da hakimi yake da alƙali da ɗan doka da kurkuku a aljihunsa, talakan da dagaci ya ƙwace wa gona ba shi da inda zai kai kuka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa aikin. Ke nan an tsare manomi daga sarauta. A daidai wannan lokaci ne kuma sabuwar hukuma, mai kuɗi da injiniyoyi da katafila, ta waiwayo ga gonarsa.

Audu Bako mutum ne mai son ruwa da noma, kuma Kano tana cin gajiyar aikinsa har yau. Ya fara da madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, sa'an nan daga 1971 zuwa 1974 aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano, mai tsawon kusan kilomita 6, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, tafkinta kuma ya rufe fili kimanin murabba'in kilomita 178. An yi ginin ne ana tsakiyar farin 1972 zuwa 1974, lokacin da shanu suke mutuwa a kan hanya, saboda haka ba wanda yake da bakin cewa kada a tare ruwa. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da shi ake samun shinkafa da alkama da tumatirin da ake lodi zuwa Ikko, kuma birnin Kano yana sha daga gare shi. Ba na cikin masu cewa da ba a gina ta ba. Tambayata ita ce, wa ya biya?

Kimanin mutum 12,000 ko fiye aka tasa daga kwarin da ruwa ya cinye. Ku lura da yadda ƙasa take: ruwa gangara yake bi, saboda haka magudanar ta yi arewa, amfanin ya tafi ga waɗanda suke ƙasa da madatsa, hasarar kuwa ta tsaya a kan waɗanda suke sama da ita. Abin da tafki yake fara haɗiyewa kuma shi ne fadama, wurin rake da shinkafa da lambun rani, wurin da iyali yake samun kuɗin kashewa bayan an gama cin na damina. Wanda aka ɗauke daga fadama aka ajiye a kan tudu, ko an auna masa eka daidai da eka, ba a biya shi ba. Ga dokar 1962 kuwa ƙasar ba tasa ba ce balle a saya daga gare shi. Abin da ake ƙiyastawa shi ne abin da ya ɗora a kanta, kamar ɗaki da rijiya da shuka da itatuwa masu amfani. Takin da kakansa da ubansa suka shekara hamsin suna zubawa, da kusancin kasuwa, da maƙwabcin da ake gayya da shi, da kushewar iyaye, ba su da gurbi a takardar mai ƙiyasi. A nan ne maganar da aka rubuta a Landan a 1908 ta iso ƙofar gidan manomi, bayan shekara sittin da 'yan kai.

Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello sun bi sawun wannan aiki tun yana ɗanye. Tina Wallace ta nuna yadda tsadar noman rani, da kuɗin ruwa da taki da tarakta da ƙwadago, ta sa ƙaramin manomi yake ba da hayar gonarsa ga mai hali. Cecile Jackson kuwa ta dubi mata, ta sami abin da ya dace a karanta a kowane ofishin ƙasa da safiyo. Matan Musulmi da suke kulle a yankin noman rani sun sami ƙarin ciniki, domin leburori sun yawaita, ana sayen abincin da suke dafawa. Amma matan Maguzawa da aka tasa, waɗanda a da suke da gayauna da hatsin kansu, sun koma baya, domin da aka zo rabon fili maigida aka sani, shi kuma da nasa ya ƙaranta sai ya ba matar abin da ya rage. Doka ta ga gandu kamar mutum ɗaya ne mai suna ɗaya, alhali a cikinsa akwai haƙƙoƙi goma da ba a rubuta ba. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masunta da manoma da makiyaya suka dogara da ita ta ragu. Wannan wani babi ne mai zaman kansa.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. Madatsar Akosombo ta Gana ta tashi mutum kimanin 80,000, ta Kainji kuma kimanin 44,000, ko da yake a Kainji hukuma ta gina wa mutane sababbin garuruwa. Mafi muni shi ne Bakolori ta ƙasar Sakkwato, inda manoma suka tare hanya suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta cikin Afrilu 1980, kuma adadin matattu da mutanen wurin suke faɗi ya ninka na gwamnati sau da yawa. A Tiga ba a yi irin wannan ba. Amma rashin tarzoma ba shaidar gamsuwa ba ce, gama talakan ƙasar nan in an matsa masa ƙaura ya sani, kamar yadda Malam Hamza ya yi.

Mai tsammanin za a gyara doka bayan wannan darasi sai ya dubi abin da ya biyo baya. Ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda a taƙaice ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 domin noma, 5,000 domin kiwo. Ku kwatanta wannan da 'yar gonar magidanci, ku ga ko wa aka yanka wa rigar. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin kowa saboda maslahar jama'a. Sashe na 29 ya ce diyya a kan abin da aka ɗora wa ƙasa take, kuma jami'in gwamnati ne mai yanke kuɗin shuka. In an yi gardama, sashe na 30 ya mai da ita ga kwamitin da gwamnan ne ya naɗa shi, sashe na 47 kuma ya nemi hana kotu duba ko diyyar ta isa, ko da yake alƙalai sun yi ta ja da wannan. Watau mai karɓa shi ne mai ƙiyasi, shi ne kuma mai sauraron ƙara. Daga baya aka cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a na 1999, ta yadda ba a taɓa ta sai da yardar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyara a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

Ta wani ɓangaren kuma Jihar Kano ta yi abubuwan da iyali ya ji a jikinsa. A Oktoba 1979 Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa ganin magidanci a tsugune cikin rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji ya san girman wannan rana, ko da yake wasu kuɗaɗen sun komo daga baya da wasu sunaye. Gwamnatin ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980. Bayan dawowar shari'a a 2000 aka kafa hukumar Hisba da ta Zakka da Hubusi a 2003; aka fara auren zawarawa da kuɗin gwamnati a 2012; aka shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019; aka sa hannu a dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya; a 2024 kuma aka wajabta gwajin lafiya kafin aure. A Kiru ɗin kanta akwai makarantar gyaran hali ta jiha domin matasan da ƙwaya ta ɓata. Waɗannan duk suna da amfaninsu, wasu sun fi wasu. Amma in kun duba za ku ga sun shafi aure da yaro da lafiya da tarbiyya, watau abin da yake cikin gida. Ƙasar da gidan yake tsaye a kanta tana ƙarƙashin dokar 1978.

Maganar kuwa ba ta tsufa ba, domin wannan yanki shi ne mashigar Kano daga kudu. Babbar hanyar Zariya da aka sake ginawa, da bututun gas da aka ƙaddamar a 2020, da sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, duk ta tsakanin Zariya da Kano suke bi, kuma kowannensu gonaki yake ci. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: Bankin Duniya, tun daga 1980, yana da ƙa'idar sake tsugunar da waɗanda aikinsa ya tasa, wadda daga baya ta kai ga cewa a biya mutum abin da zai maye masa gurbin abin da ya rasa, a kuma lissafa har wanda ba shi da takarda. Da aka karɓi rancensa a 2014 domin gyaran ayyukan noman rani, har da na Kogin Kano, wannan ƙa'ida ce ta hau kan aikin. Ashe manomin Bebeji ya fi samun kariya in kuɗin aikin na baƙo ne bisa ga in na gwamnatinsa ne. Ba abin da ya hana gwamnan jiha, tun da shi ne mai riƙon amanar kuma jami'insa ne mai ƙiyasi, ya ɗauki wannan ma'auni ya mai da shi nasa, ba tare da an taɓa tsarin mulki ba.

Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da suke cikin wannan zaure, akwai jimla ɗaya a sashe na 6 na dokar da ba a cika karantawa ba, wadda ta ce in an soke haƙƙin gargajiya a kan filin da ake nomawa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai shi wani filin domin ya ci gaba da noma. Manomi kaɗan ne ya san da ita, kuma cika ta yana ƙara wuya kowace shekara. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 260,000 a ƙaramar hukumar Kiru kaɗai, an kuma ƙaru ƙwarai tun daga nan, dajin da kakanni suka sheme bayan 1903 ya zama gonaki har bakin kwalta. Filin da ya rage a hannun hukuma shi ne dazuzzukan da aka keɓe, irin su Falgore a Doguwa da Tudun Wada, da Ɗansoshiya a Kiru, inda gwamnatin jiha ta buɗe matsugunin makiyaya a 2020. Waɗannan kuwa ba kango ba ne: a cikinsu da gefensu Bafillatani yake kiwo, shi da dokar 1965 ta yi wa nasa alkawarin, kuma in aka yanki daji aka ba manomin da hanya ta tasa, iyalin makiyayi ne zai matsa.